Alarmun Tankin Tsakiya

Shekarun baya, tun gadar Malanbil tana cike da kamiyo masu dakon kaya da 'yan kabu-kabu, na yi aiki a wata ma'aikatar gumin shinkafa da ke bayan gari, ta hanyar Garu. Gidanmu yana Gaya. Kullum da safe in hau motona mai ƙafa biyu in tsallako gulbi, 'yan duwan masu tsaron iyaka har sun san fuskata, hannu kawai nake ɗaga masu in wuce. Na fito daga lakkwal, wato makarantar koyon sana'a a Yamai da takardata, kuma in gaya maku gaskiya, a lokacin ina ji da kaina. Rigar aiki a guge, turnabis na kwance ƙusa a aljihun ƙirji kamar alƙalamin gwamna, abin da zan iya faɗi da Hausa sai na faɗe shi da Faransanci don a san an yi karatu. Ma'aikata suna kirana Metir, wato malam da Faransanci, ni kuwa ban taɓa cewa su daina ba.

Ga wanda bai taɓa ganin gumin inji ba, abin ba ya da wuya. Manyan tankuna ne na ƙarfe a tsaye, a cika su da shanshera, a jiƙa ta da ruwan zafi, sannan a sako mata tururi daga babbar tukunyar wuta har ta turara. Kowane tanki yana da bawul ɗinshi a kan bututun tururi, makulli ne da iska ke turawa, ya buɗe wa tururi hanya ko ya toshe ta. A jikin bawul akwai ɗan maɓalli da ke gaya wa allon lantarki cewa ya rufu. In ya rufu, fitila ta yi kore, ƙofar gindin tanki ta saki, mutum ya buɗe ta shinkafa ta zubo. In bai rufu ba, fitila ta yi ja, alarmu ya kama kuka, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Aikina ke nan, kula da waɗannan bawul da allonsu.

Mai ma'aikatar wani dattijon ɗan kasuwa ne da iyayenshi sunka daɗe da zama Malanbil, amma tsufa ya sa ya bar wa ɗanshi na fari komi. Alhaji Ƙarami muke ce wa ɗan. Ba mugu ba ne a fuska, yana da fara'a, yana raba goro, sai dai bai ƙi jinin komi ba kamar inji a tsaye.

Akwai abokina kuma. Lungunmu ɗaya a Gaya, mahaifiyarshi da mahaifiyata katanga ce kawai tsakaninsu, akushi ɗaya munka ci tun muna yawo ba wando. Shi wayar lantarkin gidaje ya koya, yana zaune ba aikin kirki, na roƙi Alhaji Ƙarami ya ɗauke shi ya zama mataimakina. Ni na nuna mashi allo, waya bayan waya, har da inda ake haɗa wayoyi biyu a yaudari allo in ana gwaji. Na ce mashi wannan gwaji ne kawai, tanki babu komi ciki ake yin shi. Ya ce ya ji.

Mai buɗe ƙofofin tanki wani tsoho ne ɗan ƙauyen Tumbutu da ke kusa da Malanbil, kowa Baba yake ce mashi. Dendanci ne harshenshi amma Hausarshi ta nuna. Mutum ne mai ƙarancin magana, yana da iyali da yawa a ƙauye, kuma in ya kawo soyayyen kifi daga gida sai ya ajiye mani nawa cikin takarda.

Lokacin kakar shinkafa ne abin ya fara. Kamiyo sun yi layi har bakin titi, matan Garu da Madekali suna zaune bisa buhunansu suna jiran layi, ga 'yan kasuwar ƙetare suna ta waya. Sai tankin tsakiya ya fara kuka. Ba kullum ba. Wani zubin ya wuce lafiya, wani zubin fitila ta yi ja, ƙofa ta kafe, a tsaya jiran abin da ba a sani ba, can sai a ji ƙas, ta koma kore. Irin wannan ciwo mai zuwa yana tafiya shi ne ya fi ba mai gyara haushi, don da ka iso da kayan aiki sai ya yi lamo kamar bai taɓa ba.

Na fara da iska, don ita ce mai yawan laifi. Na buɗe gindin kwampireso, injin da ke matso iskar, ruwa ya tsiyayo mai tsatsa, na ce to ga ɓarawon. Na busar da tiyo, na wanke matacin iska, na tafi ina taƙama na gaya wa Alhaji Ƙarami an gama. Kafin la'asar alarmu ya ƙaryata ni gaban kowa. Na koma kan wayoyi, na bi su tun daga allo har bawul ko ɓera ya ci wata, ban samu komi ba. Daga nan na zargi maɓallin. Na cire shi na kai tankin gefe, na ɗauko na tankin gefe na sa a tsakiya. Na ce in maɓalli ne maƙaryacin, kukan zai bi shi can. Kukan bai bi shi ba, yana nan a tsakiya.

Sai na gane alarmun gaskiya yake faɗi. Na jira anka gama wani zubi, allo ya ba bawul umarnin rufewa, na hau tsani na dafa bakin turnabis a jikin bututu, na kara kunnena a ƙotar. Ina jin tururi yana wucewa, siriri, kamar maciji cikin ciyawa. Na duba sandar bawul, ba ta kai ƙasa ba, saura kamar kaurin farce. Ruwan gulbi muke dafawa, dattinshi ya daskare ya cinye mazaunin bawul daga ciki, wani lokaci sanda ta dace ta zauna, wani lokaci ta tokare. Ma'ana, in ta tokare, tanki yana ci gaba da cika da tururi alhali mutum yana tsaye ƙarƙashinshi yana jiran ya buɗe ƙofa.

Na samu Alhaji Ƙarami a ofis, waya biyu a gabanshi kowace tana kuka. Tun kafin in zauna ya ce, “Metir, abin ga ya ishe ni. Kullum kuka, kullum tsayawa. Ka rufe mashi baki mu yi aiki.”

Na ce, “Alhaji, ruwa ba ya tsami banza. Bawul ɗin ba shi rufuwa duka. Sai an kashe wuta, an buɗe shi, an sa sabon ciki.”

“Akwai cikin nan garin?”

“Babu. Sai Kwatano.”

Ya dube ni ya dubi layin kamiyo ta taga. Ya ce shekara nawa ana gumi da tukunya da itace ba alarmu, wa ya mutu? Na ce tukunyar mata ba ta da murfin da anka ɗaure da ƙusa. Na ce a bar tankin tsakiya ya huta, a yi aiki da sauran, kayan na isowa zan gyara shi cikin wuni guda. Ya kaɗa makullin mota, sannan ya ce to, shi ke nan, zai yi waya Kwatano. Na fito ina jin na yi nasara, har ina yaba wa kaina iya magana da manya.

A makon ne matata ta haihu, ɗanmu na fari. Kafin in tafi hidimar suna, na hau na murɗe bawul na hannu da ke bayan mai ciwon har ya ƙure, na ɗaura jan ƙyalle a kan sitiyarinshi. Na kira abokina da Baba na nuna masu. Na ce tankin nan ba mai taɓa shi sai na dawo. Baba ya ce Allah shi raya. Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, “Tahi ka yi sunanka, ɗan'uwa. Ni ba ni samun zuwa, sai in tsare maka wuri. Ka aje mani nama.”

Ranar suna, an yanka rago, an raɗa suna, mutane suna cin masa a ƙofar gida, ina cikin sabuwar shadda ina karɓar barka, wayata ta yi ƙara. Wani direban kamiyo ne da muke gaisawa. Ya ce in ina kusa in taho, tanki ya buɗe wa Baba. Na ce wane tanki? Ya ce na tsakiya.

Ban cire shaddar ba na hau moto. Da na isa an riga an tafi da Baba gidan likita. Ƙasan tankin ya cika da shinkafa mai hayaƙi, takalminshi ɗaya yana ciki. Waɗanda sunka gani sun ce fitila kore ce, ya ja ƙofa kamar kullum, tururi da tafasasshen ruwa sunka fito mashi gaba ɗaya, hannun dama da ƙirji da gefen fuska. Na ɗaga kai, bawul na hannu a buɗe, jan ƙyallena yana ƙasa an tattake. Na ruga wurin allo na buɗe. Babu wata waya da ba tawa ba a ciki. Amma ƙusoshi biyu na maɓallin tankin tsakiya kawunansu sun yi fari, sabon karce, kuma ga ɗan silin jan ƙarfe guda ya maƙale ƙarƙashin ɗaya. An haɗa, an yi aiki, abu ya faru, an zare. Ina tsugune ina kallon silin nan, wani jandarma ya taɓa bayana ya ce in tashi.

A birgadi, ofishin jandarma, Alhaji Ƙarami yana zaune bisa kujera kusa da teburin kumandan, an kawo mashi ruwan sanyi. Ni benci anka nuna mani. Kumandan ya karɓi kartidantite ɗina, katin shaidar ɗan ƙasa, ya juya shi, ya ce, “A'a, ashe ɗan ƙetare ne.” Ya tambaye ni ko ni ne mai kula da bawul. Na ce ni ne. Ko na taɓa na tankin tsakiya cikin makon nan. Na ce na taɓa, na cire maɓalli na mayar, na gano ciwon, na rufe tankin na ce kar a yi aiki da shi. Alhaji Ƙarami ya ce shi dai abin da ya sani, mai gyara ya yi kwanaki yana kwance-kwance a kan bawul, shi ba karatun inji ya yi ba, abin da anka gaya mashi shi yake bi.

Sai anka shigo da abokina. Wallahi da na ga shigowarshi sai na ji numfashina ya dawo, na ce ga wanda zai fidda ni. Kumandan ya ce mashi me Metir ya ce kafin ya tafi. Ya tsaya yana kallon kusurwar tebur, ya ce, “Cewa yay yi ya gyara. Ya ce in aiki ya matsa, a buɗe na hannu a ci gaba.”

Na kira sunanshi, sunan da nake kiranshi da shi tun muna yara. Bai juyo ba. Na ce, “Dube ni ka sake hwaɗi.” Kumandan ya buga tebur ya ce ba ni ke tambaya a nan ba. Na ce a je a duba ƙusoshin allo, an haɗa waya an zare. Kumandan ya ce to, in ma an haɗa, wa ya san allon nan ciki da waje in ba ni ba? Na shiga ban ɗauka ba, ba ta fidda ɓarawo. Duk Faransancin da nake taƙama da shi, a ranar bai saya mani ko kofin ruwa ba.

Na yi 'yan kwanaki a tsare, da shaddar suna a jikina har ta koma kalar ƙasa. Mahaifiyata ta tsallako gada da ƙafa, ta zauna ƙofar birgadi da kwanon tuwo bisa cinya, ba ta jin Faransanci, duk wanda ya fito da kaki sai ta miƙe ta gaishe shi. Da anka bari ta gan ni ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ka ci abinci. Yaron lahiya lau, shina shan nono.” Sannan ta rage murya ta ce, “Uwar abokinka ta shigo mani barka da jaje lokaci guda. Na amsa mata.”

Kawuna ne ya fidda ni, ƙanen mahaifiyata, dillalin albasa ne a kasuwar Malanbil, ya san manyan gari. Ya je wurin tsohon Alhaji da wasu dattawa, anka zauna, anka ce tsautsayi ne, ba a kai tsautsayi gaban alƙali. Ma'aikata za ta ɗauki jinyar Baba, ni kuma a sake ni, amma kar in sake taka ƙofar wurin. Da kawu ya gaya mani, na ce ban yarda ba, ina son a kira mai duba inji daga Faraku ya buɗe bawul ɗin kowa ya gani. Ya dube ni irin duban da ake yi wa yaro mai kukan a ba shi wata. Ya ce, “Ɗana, bawul ɗin an riga an canza shi, kayan sun iso. Kai baƙo ne nan, su 'yan gari. Ni kuma nan nike cin abincina. Ka ɗauki motonka ka tahi gida.”

Kafin in tsallaka na biya gidan likita. Baba yana kwance an lulluɓe shi da farin ƙyalle, ɗakin yana warin magani da ƙuna, matarshi tana korar ƙuda da mafici. Na durƙusa na ce, “Baba, sannu. Ni ne.” Ya buɗe ido ɗaya ya gan ni, sai ya juya fuskarshi bango, da duk wahalar da juyawar ta ba shi. Na ƙara sannu, bai amsa ba. Matar ta ce in yi haƙuri in tafi. Duk abin da ya faru a birgadi bai yi mani ciwo kamar wannan ba. Na fito na zauna bisa moto na daɗe ban tada shi ba. Na ce a raina, shi ma ya yarda ni na ƙone shi.

Labari kuwa ya riga ni tsallake gulbi. Duk inda na kai takardata, daga Gaya har Doso, sai a ce za a neme ni. Wani mai injin ƙanƙara ya fi su gaskiya, ya ce mani, “Ba kai ne wanda gyaranshi ya dafa tsoho a Malanbil ba?” Abokina kuwa anka ba shi wurina. Na ji har Metir ake kiranshi. Rigar aikina da na bari rataye a ƙusa, wani ya ce ya gan ta a jikinshi, ban sani ba ko gaskiya ne, ban bincika ba.

Da zama ya ishe ni, na sayi 'yan kayan aiki na ɗaura bayan moto na shiga gyaran famfunan ban-ruwa na manoman albasa da shinkafa. Ni da nake duba allo mai fitilu, na koma tsugune cikin laka ina busa kabireta da baki, manomi yana tsaye kaina yana gaya mani yadda kakanshi yake gyarawa. Da farko ina jin kunya, har nakan ja hula in na hango wanda ya san ni. Daga baya na saba. Aikin ya ciyar da gidana, ya sa 'ya'yana lakkwal, kuma manomi in ka tada mashi famfo ya ga ruwa ya shiga fadamarshi, godiyarshi ba ta da munafunci.

Shekaru sun shuɗe a haka. Wata rana ina bakin gulbi wajen Garu ina fama da wani famfo, sai wani tsoho ya zo ya tsaya nesa kaɗan. Hannunshi na dama ya ƙanƙance ya manne da jiki, fatar wuyanshi ta yi dabbare-dabbare. Sai da ya ce “Metir” na gane shi, don babu mai kirana haka kuma. Ashe gadin wani rumbun albasa yake yi a nan kusa. Munka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi yaron da anka yi wa suna. Na ce har ya shiga lakkwal. Ya zauna bisa kwale-kwalen da anka kife, ya ce yana da magana.

Ya ce, “Ni na ga wanda ya sa wayar. Ina tsaye. Alhaji Ƙarami yac ce a sa, abokinka ya sa, shi kuma ya hau ya kwance jan ƙyalle. Na ce masu Metir ya hana. Alhaji yac ce sun yi waya da kai ka yarda. Ban yarda ba cikin raina, amma na ga hitila kore, na ja ƙohwa.”

Na ajiye kilen da nake kwance ƙusa da shi. Na ce, “Baba, jandarma ba su tambaye ka ba?”

“Sun tambaya. Na ce ban san komi ba.” Ya dubi hannun nan nashi. “Su ka sayen magani, su ka kai hatsi gidana. In na yi magana, wa za ya riƙe ɗiyana? Da ka zo gidan likita, ba ƙinka na yi ba. Idonka ne ban iya kallo. Ka yahe mani, ɗana.”

Na so in yi fushi, na neme shi ban samu ba. Mutumin da fatarshi ta saɓule, me zan ce ya biya ni da shi? Na ce na yafe, kuma shi kam har zuciyata na yafe mashi. Ya tambaya ko yanzu in ina so, ya je ya faɗi gaskiya wa hukuma. Na ce wace hukuma? Kumandan an daɗe da canza shi, tsohon Alhaji ya rasu, ɗan ya ƙara tankuna. Na ce ya bar shi. Gaskiyar da na yi shekaru ina jira ta iso, ta same ni cikin laka har gwiwa, kuma babu abin da za ta iya mayar mani. Baba bai daɗe bayan nan ba ya rasu, na je Tumbutu gaisuwa.

Mutane sukan ce irin wannan abu yana koya wa mutum darasi. Ni dai ban san ko na koyi wani abin kirki ba. Na san cewa inji bai taɓa yi mani ƙarya ba, ya yi kuka iya ƙarfinshi, mutane ne sunka gaji da jin shi. Na san kuma cewa samun gaskiya daban, samun mai tsaya maka a kanta daban, ni kuwa a lakkwal na farkon kaɗai anka koya mani. Ban zama mai haƙuri ba, kar in yaudare ku. Na zama mai shiru ne kawai.

Abokina yana nan. Muna haɗuwa a biki da jana'iza a lungunmu, don mahaifiyata ta ce ba za ta raba zumuncin katanga saboda mu ba, kuma ta roƙe ni kar in tada zancen gaban mutane. Yakan miƙo hannu, in karɓa, mu tambayi iyali, kowa ya kama gabanshi. Ya yi ƙiba, ya gina bene.

Bara, ina cin abincin rana gindin wata bishiya a Madekali, wata lamba ta kira ni. Muryarshi ce. Ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, “Ɗan'uwa, wani bawul ne ka ba ni wahala. Alarmu shina zuwa shina tahiya, na canza maɓalli, na bi waya, ban gane ba. Alhaji ya matsa mani.”

Na riƙe wayar ina kallon tuwon da ke gabana. Yatsana yana kan wurin kashewa. Sai na tuna ko wane tanki ne, akwai wani ɗan talaka da zai tsaya ƙarƙashinshi gobe da safe ya ja ƙofa. Na ce ya fara rufe na hannu, ya sa kwaɗo, ya riƙe makullin a aljihunshi. Na gaya mashi yadda zai duba iska, yadda zai auna inda sanda ke tsayawa, yadda zai saurari bututu. Na yi magana a hankali, kamar yadda na koya mashi da farko. Yana ta cewa to, to. Da na gama na bar mashi fili, ko zai ce wani abu. Na ji numfashinshi a waya. Sai ya ce, “Na gode, ɗan'uwa. A gaida Inna.”

Lambar tana nan cikin wayata. Ban goge ta ba, ban kuma rubuta suna a kanta ba.